Wainar Tsira

A unguwar Yelwa ta Garwa, idan aka ji ƙanshin waina daga gidan Alhaji Hayatu ranar da ba suna ba biki, maƙwabta ba sa tambaya. Sun san wani ne ya sha da ƙyar. Yaro ya faɗo daga katanga bai karye ba, a soya waina. Kunama ta fito daga takalmin Alhaji ba ta harbe shi ba, a soya waina. A raba gida-gida, a shafa fatiha, shi ke nan an binne zancen, kuma duk wanda ya sake tono shi ya yi wa Allah butulci. Dada Hajjo, mahaifiyar Alhaji, ita ta kafa wannan doka, ba kuwa mai ja da ita a gidan.

Kaltumi matar marigayi Ishaku ce, ƙanen Alhaji. Tun da ta fita takaba aka damƙa mata injin niƙan gidan, wanda ke cikin wani matsattsen ɗaki a gefen zaure. Alhaji ya ce gata aka yi mata, don kada ta zauna tunani ya cinye ta. Gatan kuwa shi ne ta wuni a tsaye cikin ƙara da hayaƙin gas, ta fito da yamma gari ya rufe ta fari fat har gashin ido. Abin da injin ya samo na Alhaji ne. Nata shi ne kwanon tuwo, da ɗakin da take kwana ita da 'yarta Fati mai shekara shida. Ranar Juma'a kaɗai ake kashe injin da wuri, ita ce ranar da take zaunar da Fati tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso, suna hira kamar ƙawaye.

Injin tsoho ne, daga Yola aka kawo shi. Wani dogon bel ne ke ɗauko ƙarfi daga wilin injin ya kai wa maniƙa, yana gudu yana kaɗawa, fat-fat-fat. Tsakanin bel ɗin da bango akwai 'yar hanya da mutum ba ya bi sai ya karkace, kuma ta nan ake wucewa a ƙara ruwa a durom ɗin da ke sanyaya injin, sau biyar ko shida a wuni. Da can bel ɗin yana da murfi na ƙarfe. An cire shi wata rana za a yi gyara, ba a mayar ba. Da Alhaji ya ga yana da zurfi kuma ba ya yoyo, sai ya sa aka kai shi bayan gida ya zama komin ragunansa. Raguna dai sun yi dace.

Hatsari na farko ya faru ne a farkon shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Kaltumi ta ɗauki bokiti za ta wuce, sai ta ji an fizge ta ta wuya. Allah ya sa mayafin ya tsufa. Ya yage, ƙyat, bel ya yi gaba da rabinsa, ita kuma ta faɗi zaune ruwa ya jiƙa ta sharkaf. Ta daɗe a nan tana kallon tsumman yana zagaye, sannan ta tashi.

Ta sami Dada Hajjo a tsakar gida tana jan carbi. Ta durƙusa.

"Dada, injin nan zai ci mutum. Dubi mayafina."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" in ji tsohuwar, ta tofar da yawu gefe. "Ya ci ki ne? Ba ga ki nan kina magana ba? Ki ce alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi, Dada. Murfin kawai nake so a mayar."

"Je ki jiƙa shinkafa. Gobe a yi sadaka."

Kada a ce Dada Hajjo muguwa ce, tsoro ne ya yi mata yawa. Ranar da Ishaku zai tafi tafiyarsa ta ƙarshe da babbar motar Alhaji, a wannan tsakar gidan ya tsaya ya ce sau biyu birki yana ƙin kamawa a gangaren hanyar Ngaundare, in ba a gyara ba wata rana gawarsa za a kawo. Bayan kwana biyu aka kawo ta. Tun daga ranar tsohuwar ta yanke cewa ɗanta da bakinsa ya kira ajalinsa. Ba ta taɓa tambayar wanda ya ƙi gyara birkin ba.

Washegari Kaltumi ta markaɗa shinkafar a injin da ya so kashe ta, ta zauna gaban tanda ta soya wainar tsirarta da hannunta. Maƙwabta suka ci suka yaba, wasu har da neman ƙari.

Na biyu cikin azumi ya zo, lokacin da zafin Garwa ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙi taɓuwa. Kwanukan gero na kunu sun yi layi har titi. Kaltumi ta wuce da bokiti, jiri ya ɗan ɗebe ta, bel ya cafke hannun rigarta. Wannan karon yadin sabo ne, bai yage da wuri ba. Ya ja ta har fuskarta ta ji iskar wilin, ya kwashe fatar damtsenta, sannan ɗinkin ya ɓalle.

Wadda ta kashe injin maƙwabciyarsu ce, Honorine, wata ƙatuwar mata mai fara'a da ke aiki a kamfanin auduga, ta kawo niƙan masara ranar hutunta. Ta ture mutane ta shiga, ta janyo Kaltumi waje, ta yage bakin zaninta ta ɗaure mata ciwon.

"Mon Dieu! Kaltumi, ina murfin abin nan?"

"Raguna ke cin dusa a ciki."

Honorine ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Kin gaya wa maigida?"

"A gidan nan ba a faɗin abin da bai faru ba."

"Bai faru ba? To wannan jinin na wane ne?" Ta zauna kusa da ita a dakali. "Ma soeur, 'yar'uwata, a wurin aikinmu, ko buhu ne ya faɗo kusa da ƙafarki bai taɓa ki ba, sai kin je kin rubuta. Takardar tana nan rataye a bakin ƙofa. Shef, shugaban aikinmu, ya zo ya duba, a gyara wurin. Bara na rubuta cewa tsani yana rawa, a gaban kowa aka ce mini merci."

"Ba su ce kin ja musu masifa ba?"

"Masifar tana nan tun kafin in buɗe baki. Ni dai na rigaye ta ne."

Kaltumi ta juya maganar a ranta. Ba ta taɓa jin wurin da ake gode wa mutum don ya faɗi abin tsoro ba. Can ta ce, "Ni ban iya rubutu ba."

Honorine ta shiga ɗakin ta zaro guntun hannun rigar daga jikin wilin, baƙi ƙirin da mai, ta danƙa mata. "Ajiye wannan. Ga takardarki nan."

Ta ajiye. Ta nemo rabin mayafin nan na farko ta haɗa su, ta ƙulle a tsohon ɗankwali, ƙulli biyu masu tauri, ta cusa ƙarƙashin katifa.

Da la'asar ta yi ƙarfin hali ta sami Alhaji a zaure. Yana kishingiɗe da rediyo a kunne, yana sauraren farashin kaya yana tsaki. Ta durƙusa daga nesa ta nuna masa damtsenta.

"Subhanallahi! Sannu. Garin yaya?"

Ta gaya masa, tun daga mayafin.

"To, Allah ya kiyaye gaba. Ki riƙa kula, Kaltumi, ki riƙa kula. Inji ba ya son gaggawa."

"Yaya Alhaji, murfin nake roƙo a mayar."

"Murfi." Ya rage muryar rediyon. "Kin san shekara nawa injin nan yana aiki haka? Wa ya taɓa ci? Kuma notinsa sun ɓace. Yanzu da kuɗin nan ya lalace, ko allura ka taɓa sai a ce ta ninka. Ga shi bel yana yawan saki, kullum a kwance murfi a ɗaura, aikin yaushe za a yi? Bari azumi ya wuce mu gani."

"To ko a bar ni in ajiye mayafi in ina aiki, in ɗaura ɗankwali kawai."

"Wannan ki tambayi Dada."

Dada kuwa ta dafe ƙirji. "Matar ɗana ta tsaya gaban mazan unguwa ba lulluɓi? Ina raye? Je ki jiƙa shinkafa."

Aka yi waina ta biyu, aka raba da buɗa baki. Mutane suka ce ladan ma ya fi yawa, tunda watan azumi ne.

Azumi ya wuce, ba a ga komai ba. Abin da ya canja Kaltumi ce. Ta zama in ta doshi ɗakin injin sai ta yi turus a bakin ƙofa. Tafin hannunta ya riƙa zufa, bokiti yana zame mata. Takan tsaya tana kallon durom yana tururi, tana cewa bari in ƙarasa wannan kwanon, bari in ƙarasa na gaba, har injin ya fara wari. Sai ta samo dabara: ta kashe injin, ta wuce ta zuba ruwa, ta dawo ta tayar. Tayar da shi kuwa aikin ƙato ne, sai an murɗa hannun ƙarfe har kafaɗa ta yi tsami, amma ta gwammace haka. Kwana huɗu ta samu tana numfashi kamar mutum.

Rana ta biyar Alhaji ya leƙo. "Wai me ke damun injin nan, yana yi yana tsayawa?"

Ta faɗa masa gaskiya.

"A'a! Kashe-kunna ai shi ke shan gas, shi ke kashe inji. Ga mutane sun fara kai niƙansu gaba. Kada in sake ji. In an tayar da safe, sai azahar."

Ta rame. Abinci ya daina wuce mata. Ranar Juma'a tana yi wa Fati kitso, yarinyar ta ce, "Inna, yau hannunki yana rawa, kina ja mini gashi." Kaltumi ta tsaya ta dubi yatsunta goma, ta juya su gaba da baya kamar na aro. Ta ce wa yarinyar gajiya ce, ta ci gaba da kitson a hankali.

Na uku saura wata guda Babbar Sallah. Ta sunkuya ɗaukar murfin bokiti da ya faɗi, bel ya tsinci bakin ɗankwalinta ta ƙarƙashin mayafi. Ya tafi da ɗankwalin, ya tafi da kitso biyu na gefen kanta har da fata. Jini ya rufe mata ido, ta fito da rarrafe.

Washegari Dawuda bakanike ya zo ɗaure bel, Alhaji yana tsaye a kansa, mata masu niƙa sun cika ƙofa. Kaltumi tana gefe da tsumma a kai. Ita kanta ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Malam Dawuda, don girman Allah ka mayar da murfin nan. Sau uku ke nan yana kama ni. Na huɗun ba zai sake ni ba."

Dawuda ya goge hannunsa, ya dubi Alhaji a kaikaice. "Gaskiya, Alhaji, noti huɗu ne kawai. Ina ma da su a jaka. Yanzu-yanzu sai in..."

"Raguna su ci a ina?" Alhaji ya katse shi yana murmushin da bai kai ido ba. "Dabbar layya ce, in ka canja mata wurin ci sai ta ƙi abinci ta zube. Saura kwana nawa? Ana yanka su, ka zo ka ɗaura abinka."

Dawuda ya mayar da sifanarsa jaka. Shi ma da iyali, kuma Alhaji ne ke ba shi aiki.

Bayan azahar aka kira Kaltumi ɗakin Dada. Alhaji yana zaune bakin gado, fuska ba annuri.

"Ni za ki tozarta a gaban matan unguwa? Na ci da ke, na shayar da ke, na rufa miki asiri, sakayyar ke nan?"

"Yaya Alhaji, tsoro nake ji."

"Tsoro!" in ji Dada, idonta ya kawo ruwa. "Haka mijinki ya yi ta yi, zan mutu, zan mutu, har ya kira ta ta zo. Yanzu ke ma kin ɗauko. Na huɗun ba zai sake ki ba! Wa ya gaya miki akwai na huɗu? Ke ce mai rubuta ƙaddara? Sau uku Allah yana tsamo ki, maimakon godiya sai ƙorafi."

"In aikin ne ya ishe ki, ƙofa a buɗe take," in ji Alhaji. "Ki koma Bibemi wurin danginki, ba mai riƙe ki. Amma Fati 'yar gidan nan ce, nan za ta zauna."

Nan ne aka kama ta, kuma sun san nan ne. Dada ta sa ta yi alkawari ba za ta ƙara ɗaga zancen injin ba, ko a gida ko a waje. Ta yi. Da ta koma ɗaki ta kwance ƙullin nan ta ƙara guntun ɗankwalin, gashinta na manne a jiki, ta sake ƙullewa tamau. Sannan ta fita ta jiƙa shinkafa, ba sai an gaya mata ba.

Daga ranar ta shiga ƙirga kwanaki kamar mai jiran baƙo. Da safe takan leƙa bayan gida ta ga ragunan sun tusa kai cikin murfin suna ci, ta ce a ranta saura ashirin, saura sha biyu, saura bakwai. Ba ta taɓa ɗokin Sallah irin na bana ba. Honorine ta tare ta a famfo ta tambaye ta ko an gyara, ta ce mata an kusa, ta ɗauki ruwanta ta yi gaba.

Saura kwana biyu Sallah, garin kowa ya taso. Masu markaɗen tattasai, masu niƙan masara, masu shinkafar waina, layi har ya karya kwana. Tun hantsi injin ke gudu, ƙasan ɗakin ya jiƙe da ruwan markaɗe. Wajen sha ɗaya durom ya fara tafasa. Kaltumi ta yi duk abin da aka ce ta yi. Ta kula. Ta tattare mayafinta ta damƙe shi a ƙirji da hannun hagu, ta ɗauki bokiti da dama, ta yi bisimilla, ta manna bayanta da bango tana tafiya a karkace. Ta zuba ruwan lafiya. A dawowa ne ƙafarta ta taka ƙullun da ya zube. Santsi ya kwashe ta, ta kai hannun dama don ta dafa wani abu, kuma abin da ke wurin bel ne.

Matan da ke ƙofa sun ce ba ta yi ihu ba. Injin ne ya canja murya, ya yi wani gurnani, ya tsaya da kansa.

A babban asibiti aka yanke hannun daga saman gwiwa. Ta farfaɗo ranar Sallah, tana jin kabbarar masu dawowa daga idi ta taga. Ta ji yatsunta na dama suna mata ƙaiƙayi, ta kai hagu za ta sosa, ta tarar da zanin gado.

Likita ya zo da takarda a hannu, Alhaji yana biye da shi cikin babbar riga sabuwa. Likitan ya yi tambayoyi da Faransanci, wani ma'aikaci yana juyawa. Ya tambaya ko injin ya taɓa kama wani kafin wannan.

"Ko sau ɗaya," in ji Alhaji. "Shekara da shekaru lafiya lau. Wallahi da ta taɓa cewa akwai matsala, da ban kwana ban gyara ba. Tsautsayi ne kawai."

Likita ya rubuta. Kaltumi tana kallon alƙalamin yana tafiya. Takarda guda da aka taɓa rubutawa a kan injin nan ke nan, kuma abin da ta ƙunsa ke nan. Ta so ta yi magana, ta tuna Fati, ta juya fuskarta bango.

Bayan sati uku aka dawo da ita gida. Tun daga bakin titi ta ji ƙarar injin ta canja, babu fat-fat ɗin nan, sai wani gunji a rufe. An ɗauki wani mutum yana niƙan. Honorine, da ta riƙo ta daga mota, ta ce mata a hankali, "Washegarin Sallah Dawuda ya ɗaura. An zuba masa shayi, kafin ya huce ya gama."

"Noti huɗu," in ji Kaltumi.

"Noti huɗu."

Ranar Juma'a da hantsi Fati ta shigo ɗaki da matsefi da kwalbar man kitso, kanta ya yi buzu-buzu, sati huɗu ba mai taɓa shi. Ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta yadda ta saba, ta ba ta baya tana jira. Kaltumi ta ɗora hannunta guda a kan yarinyar. Ta raba gashin da yatsa, ta kama tufka ɗaya, ta rasa mai riƙe mata ta biyu. Duk abin da ya same ta ba ta yi kuka ba, ko a asibiti, sai a nan. Ta kifa fuskarta a gashin 'yarta ta yi ta yi, yarinyar ta ƙame ba ta motsa ba.

A ranar ce Dada Hajjo ta sa aka yi wainar da ba a taɓa yin irinta a gidan ba, tanda uku, tunda wannan karon rai ne sukutum Allah ya bar musu. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Aka fito da Kaltumi aka zaunar a tabarma, an rufa mata mayafi ta ɓangaren da babu hannu. Kowa na sannu, kowa na Allah ya sa kaffara ne.

"Yarinyar nan zurfin ciki gare ta," Dada take gaya wa na kusa da ita. "Abu na damunta ba za ta faɗa ba. Da mun sani ai da ba a kai ga haka ba."

Kaltumi ta ɗago kai. Ta ce wa Fati ta je ƙarƙashin katifa ta ɗauko mata wani ƙulli. Da aka kawo ta ɗora shi a cinya ta fara ƙoƙarin kwancewa. Da hannu biyu ta ƙulle shi, ƙulli biyu masu tauri. Ta ja da yatsu, ya zame. Ta danne da gwiwa ta sa haƙori, ya ƙi. Mata suka daina tauna suna kallonta. Honorine ta taso ta durƙusa gabanta, ta kwance mata.

Kaltumi ta shimfiɗa tsummokaran a tabarma ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan mayafina ne. Na kawo miki shi nan inda kike zaune, Dada, kika ce in jiƙa shinkafa. Wannan hannun rigata ne, cikin azumi. Na kai wa Yaya Alhaji a zaure, ya ce in riƙa kula. Wannan ɗankwalina ne, ga gashina nan a jiki. Ranar na roƙa a gaban mutane." Ta dubi matan, ba da faɗa ba. "Wasunku suna wurin. Duk kun ci wainar, sau uku. Ni na soya."

Ba wadda ta iya haɗa ido da ita. Wata ta mayar da wainar da ke hannunta cikin kwano.

Dada ta zabura. "Kun ji ko? Kun ji bakin nan? Shi ya ja mata! Ta yi ta kira, ta yi ta kira, na huɗu, na huɗu, har ya zo."

"Dada," in ji Honorine, "ɗazu kika ce ba ta taɓa faɗa ba."

Tsohuwar ta dubi ƙofar zaure ko Alhaji zai shigo, bai shigo ba, yana can tare da maza ana shafa fatiha. Ta dubi tsummokaran nan uku. Wataƙila a lokacin ta hango wani abu game da Ishaku da birkin motarsa, don fuskarta ta yi wani irin yamutsewa, kamar za ta rushe da kuka. Amma shekarunta sun yi nisa a kan hanya guda, ba ta san wata ba. Ta jawo faranti ta ɗauki waina mai zafi, ta miƙa wa Kaltumi.

"Ungo, 'yata. Ci, a shafa fatiha. Abin da ya wuce ya wuce."

Kaltumi ta dubi wainar. Ta gaji, gajiyar da ba ta da ranar hutu. Ta miƙa hannu za ta karɓa.

Dada ta janye farat, yadda ta saba yi wa jikoki. "Ke! Da hagu ake karɓar sadaka?"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Wainar ta suɓuce ta faɗi a ƙasa.

Kaltumi ba ta janye hannun ba. Ta bar shi a miƙe, tafin a buɗe, kowa yana gani.

"Shi kaɗai kuka bar mini, Dada," ta ce. "Na daman sau uku ina roƙon ku shi."

A tsakar gidan ba wadda ta shafa fatiha. Daga zaure injin yana ta gunji cikin murfinsa, lafiya lau. Fati na tsaye a bayan uwarta, har yanzu matsefin yana hannunta.